Ina son amsa gayyata amma fargaba na hana ni zuwa: ta ina zan fara?

"Assalamu alaikum Dakta. Shekaruna 28, ina da aikin yi, kuma lafiyata ƙalau. Matsalata ita ce shiga mutane. In abokan aiki ko tsofaffin abokan karatu suka gayyace ni wani zama, sai in ce to, amma ranar na matsowa gabana na faɗuwa, har in ƙirƙiro uzuri in fasa. 'Yan lokutan da na daure na je, sai in rakuɓe gefe ina latsa waya, in dawo in kwana ina tuna maganar da na yi ba daidai ba. Yanzu gayyatar ma ta fara ɗaukewa. Wani ya ce mini in riƙa amsa duk wadda ta zo, wai a haka zan saba. Shin haka ne? Ko in bari sai na samu ƙwarin gwiwa tukuna?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Idan na fahimce ka, hanyoyi biyu ne a gabanka: ko ka rufe ido ka amsa duk gayyatar da ta zo, ko ka zauna jiran ranar da zuciyarka za ta dake. Ta biyun ba ta ɓullewa, don haka mu fara kawar da ita. Ƙwarin gwiwa ba ya riga aiki zuwa, bayansa yake biyowa. Tun 1977 masanin halayyar ɗan'adam Albert Bandura ya nuna cewa babban abin da ke sa mutum ya yarda zai iya wani abu shi ne ya ga ya yi shi da kansa. Lallashi da kalamai masu daɗi suna taimakawa, amma ƙarfinsu bai kama ƙafar wannan ba. Wanda ke jiran tsoro ya tafi kafin ya shiga mutane zai daɗe yana jira, domin shigar ce ke korar tsoron.

Shawarar mutumin nan tana da ƙamshin gaskiya, amma da saura. Kai da bakinka ka ce ka daure ka je wasu lokuta, kuma ba ka ji sauƙi ba. Da zuwa kawai ne maganin, da tuni ka fara ganin canji. Akwai masu irin wannan damuwa da ke cuɗanya da jama'a kullum a wurin aiki, shekara da shekaru, fargabar kuma tana nan daram. Abin da ke kawo sauyi shi ne irin zaman da ka zaɓa, da abin da ka yi bayan ka isa, da abin da ka yi bayan ka koma gida.

Yadda fargabar ke ciyar da kanta

Faɗuwar gaba, bugun zuciya, zufa a tafin hannu, bushewar maƙogwaro, wani lokaci har murɗawar ciki, duk aikin sinadarin adrenalin ne da jiki ke saki idan ƙwaƙwalwa ta hango haɗari. Haɗarin da ta hango a nan shi ne a raina ka, ko ka ji kunya a gaban mutane. Abin ba daɗi, amma ba ya cutar da mai lafiya, kuma ba ya dawwama a ƙololuwa. Yakan hau, ya ɗan tsaya, sannan ya fara sauka in an ba shi lokaci.

Inda abin ke lalacewa shi ne lokacin da ka tura saƙon uzuri. Nan take sai ka ji ƙirjinka ya yi sakayau. Wannan sauƙin shi ne tarkon, domin ƙwaƙwalwa tana ɗaukar darasi daga gare shi: akwai haɗari, na kauce, na tsira. Masanin halayyar ɗan'adam O. H. Mowrer ya yi bayanin wannan tun 1947, cewa duk gudun da ya kawo sauƙi nan take, jiki zai so ya maimaita shi. Kamar susar ƙurji ne, da daɗi a lokacin, amma ciwon faɗaɗa yake yi. Gayyata ta gaba za ta fi ta baya nauyi, kuma ba ka samu damar ganin cewa abin da kake tsoro ba zai faru ba. Su kuwa masu gayyatar ba su ga zullumin da ka sha ba, uzurin kawai suka gani. Bayan na biyu ko na uku sai su ɗauka ba ka sha'awa, su daina don kada su takura maka. Yawanci wannan ne dalilin ɗaukewar gayyata, kuma abu ne mai gyaruwa.

To me ya sa zuwan da ka yi bai amfane ka ba? A 1995 David Clark da Adrian Wells, masana biyu daga Ingila, suka fitar da bayanin da har yau masu jinyar wannan matsala ke aiki da shi. Da mai fargaba ya shiga taro, hankalinsa yakan juya ciki: yaya muryata take fita, an ga hannuna na rawa, me zan ce bayan wannan. Daga abin da yake ji a jika sai ya zana wa kansa hoton yadda yake zaton mutane na ganinsa, ya ɗauki hoton a matsayin gaskiya. Sannan ya kama 'yan dabarun fakewa: latsa waya, zama a lungu, sunkuyar da kai, tsara jimla a zuci kafin a furta, ba da amsa gajeriya don kada a ja magana, manne wa mutum ɗaya da ya sani, kama wata hidima don kada a zauna hira.

Waɗannan dabaru su ne suka cinye maka ribar zuwan. In an tashi lafiya, zuciyarka cewa za ta yi ai don na yi shiru ne ban kwafsa ba, don haka tsoron bai taɓu ba. Mutumin da kansa ke kan waya kuma, ga wanda ke kallonsa, ya fi kama da marar son magana fiye da mai jin tsoro, sai a ƙyale shi, shi kuma ya ce ka gani, ba wanda ya kula ni. Ga shi hankali ba ya rabuwa biyu yadda muke zato: wanda ke sauraron bugun zuciyarsa ba ya jin rabin abin da ake faɗa, shi ya sa in an juyo gare shi yake rasa ta cewa.

Kwanan da kake yi kana bitar zaman shi ne kashi na ƙarshe. Abin da kake bita a daren tsarguwar da ka ji ce, domin ita ka fi lura da ita a wurin. Kowane zagaye na bitar yana ƙara baƙanta labarin, har zaman da ya wuce lami lafiya ya shiga jerin abubuwan kunya da za ka tuno ranar da wata gayyata ta zo.

Bincike ya sha nuna cewa awon da muke yi wa kanmu a irin wannan hali karkatacce ne. A wani gwaji da Thomas Gilovich da abokan aikinsa suka wallafa a 2000, an sa ɗaliban Jami'ar Cornell sun saka riga mai hoton da suke jin kunyar a gan su da shi, suka shiga ɗaki mai mutane. Masu rigar sun yi hasashen kusan rabin mutanen za su lura, amma kusan kashi 1 cikin 4 ne suka lura. Masanan sun kuma gano cewa mutane na zaton ruɗewarsu ta fito fili fiye da yadda masu kallo ke gani. A 2018 Erica Boothby da abokan aikinta suka nuna cewa bayan hira da baƙo, mutane kan raina yadda abokin hirar ya ji daɗinsu, kuma giɓin ya fi faɗi ga masu jin nauyin mutane. Karanta wannan kaɗai ba zai raba ka da tsoro ba, amma ya isa ya sa ka ɗauki hasashen zuciyarka a matsayin zato da ke buƙatar gwaji.

Wace gayyata za ka amsa?

Ka samu ƙaramin littafi ka rubuta yanayi 10 zuwa 12 da kake gudu, ka ba kowanne maki daga 0 zuwa 100 gwargwadon fargabar da yake jawo maka. Wannan ma'auni na likitan ƙwaƙwalwa Joseph Wolpe ne, kuma amfaninsa shi ne ya raba maka abin da a yanzu kake gani dunƙule guda. Hirar minti 5 da abokin aiki a lokacin hutu tana iya zama 25. Zama da mutum 3 da ka sani na awa ɗaya, 45. Liyafar da ba ka san kowa ba sai mai gayya, 80. Abubuwan da ke ɗaga maki ko sauke shi sanannu ne: yawan mutane, ko ka san su, tsawon zaman, ko akwai abin da ake yi tare kamar wasa ko kallo ko aikin gayya, ko akwai wanda kake jin nauyinsa, da ko za ka iya tafiya lokacin da ka so. Zaman da ke da abin yi ya fi zaman hira zalla sauƙi, domin aikin kansa yana samar da abin magana.

Ka fara da waɗanda ke tsakanin 30 da 50. Ƙasa da haka ba ya koyar da komai, sama da 70 a farkon tafiya yakan sa mutum ya koma ga dabarun fakewa ko ya gudu. Ka maimaita kowane iri sau 3 ko 4 kafin ka hau na gaba, amma ka riƙa canza wuri da mutane. Aikin masaniyar halayyar ɗan'adam Michelle Craske da abokanta ya nuna cewa abin da aka koya a yanayi daban-daban ya fi zama, kuma darasi ya fi kama jiki idan abin da ya faru ya saɓa wa abin da aka yi tsammani. Yawan yi ya fi girman taro muhimmanci. Abin da nake ba masu zuwa wurina shi ne zama ɗaya kowane mako, tare da ƙaramar hira ta minti 2 zuwa 5 kusan kullum da duk wanda rana ta haɗa su. Sau ɗaya a wata ya yi kaɗan, domin kafin na gaba ya zo tsoron ya sake tsirowa.

Idan gayyata ta zo, ka yi wa kanka tambaya ɗaya: da ba na jin tsoro, zan so zuwa? In amsar e ce, kuma makin bai wuce inda ka kai da nisa ba, ka amsa a ranar, tun kafin zuciya ta fara saƙa da warwara. Ka cire "zan gani" da "in na samu dama" daga bakinka, domin ƙofar baya ce kake bar wa kanka, kuma kwanakin da ke tsakani za su ƙare ne a muhawarar zuwa ko fasawa. Ka rubuta tun yanzu dalilan da za su halatta maka fasawa: rashin lafiya na zahiri kamar zazzaɓi, ko lalurar gaggawa ta iyali ko ta aiki. Kasala da ciwon kai da tashin zuciyar da ke zuwa awa 2 kafin fita ba sa cikin jerin, domin su ne fargabar da kanta. Yana kuma taimakawa ka tsara wa kanka sharaɗi a fili, irin wanda masanin halayyar ɗan'adam Peter Gollwitzer ya yi bincike a kai: in ƙarfe 4 ta yi zan sa kaya, in na ji ina son tura uzuri zan ajiye waya in sa takalmi.

Wadda ba ka so don ba ka so, ko wadda ta fi ƙarfinka a yanzu, ka ƙi ta kai tsaye cikin mutunci, ba tare da ƙirƙirar ƙarya ba: na gode da ka tuna da ni, wannan ba zan samu zuwa ba, amma ko za mu haɗu ranar kaza? Wannan jimlar ta ƙarshe ita ce ke hana gayyata ɗaukewa. Kuma tun da ta riga ta yi ƙasa, kada ka jira ta dawo da kanta. Ka zaɓi mutum 2 cikin waɗanda suka saba kiranka, ka neme su, ka ce kwana biyu ka yi wuyar gani kuma kana so in an shirya wani abu a sanar da kai. Ba dole ka yi dogon bayani ba. Gayyatar da kai ka shirya ma tana da wata fa'ida: kai ke zaɓar mutum, wuri da tsawon lokaci.

Ranar zaman

Kafin ka fita, ka rubuta abin da kake tsoron zai faru, a fayyace yadda za a iya tantance shi. "Ba zai yi kyau ba" ba ya gwaduwa. "Zan rasa abin faɗa, a yi shiru na minti ɗaya, wani ya yi dariya" yana gwaduwa. Ka sa masa kaso, misali 80 cikin 100. Shirin hira kada ya wuce minti 10: ka tuno abu 2 ko 3 da ka sani game da waɗanda za ka tarar, da abu ɗaya daga makonka da za ka iya ba da labarinsa. Kada ka haddace jimloli, domin hira ba ta bin tsarin da aka rubuta mata, kuma da ta kauce sai ka ruɗe. Ka rage abin sha mai kafeyin, irin su kofi, a ranar, yana ƙara bugun zuciya da rawar hannu. Kada ka sha wani abu mai gusar da hankali ko ƙwayar kwantar da jijiya don ka iya shiga. Duk nasarar da aka samu da su, su za a jingina wa, kuma hanyar kamuwa da shaye-shaye ke nan ga masu wannan matsala da yawa.

Ka isa da wuri. Masu fargaba sukan makara don su rage zaman, sai su tarar ɗaki ya cika, an kasu rukuni-rukuni, kowa ya juyo yana kallon mai shigowa. Wanda ya zo da wuri mutum 2 ko 3 zai tarar, sauran kuma su za su zo su gaishe shi. In jikinka ya tashi a bakin ƙofa, ka ja numfashi ta hanci kana ƙirga 4, ka sake shi a hankali kana ƙirga 6, na kamar minti 2. Wannan na rage kaifin abin ne kawai. Da sauran fargabar za ka shiga, kuma hakan daidai ne.

Ka yanke wa kanka mafi ƙarancin zama tun daga gida, minti 45 zuwa awa ɗaya. Mintuna 10 zuwa 15 na farko su ne suka fi zafi ga yawancin mutane, kuma wanda ya fice a lokacin ya tafi da mafi munin ɓangaren, ya bar mai daɗin. In abin ya yi maka yawa, ka fita ka sha iska na minti 3 ka dawo. Waya ta zauna a aljihu.

Sai babban aikin, wato juya hankali waje. Ka ba kanka abin lura: me mutumin nan yake faɗa, me ya fi damunsa a cikin labarin, wace kalma ya nanata. Duk lokacin da ka kama kanka kana auna muryarka, ka mayar da hankalin kan fuskarsa da maganarsa, ko sau 20 ne. Wannan abu ne da ake koya da atisaye, don haka ka riƙa gwada shi a inda ba fargaba: minti 5 kullum kana tafiya, ka bi sautuka ɗaya bayan ɗaya, sannan launuka, sannan ka juya hankali cikin jikinka da gangan, ka sake fito da shi. Wanda ke saurare da gaske ba ya rasa tambaya ta gaba, domin tana cikin abin da aka faɗa masa. In ya ce ya canza wurin aiki, akwai me ya sa, akwai yaya sabon yake, akwai me ya fi kewa a tsohon. Amma kada ka tsaya kan tambaya kaɗai, ita ma maɓoya ce. Bayan tambaya 2 ko 3 ka faɗi wani abu naka, ko ra'ayi ko ɗan labari, ko da ba na burgewa ba ne. Yawancin hirar da mutane ke jin daɗinta maganganu ne na yau da kullum.

Burin zama ɗaya ya zama ƙarami kuma a hannunka yake: zan yi magana da mutum 2, zan faɗi abu ɗaya game da kaina, zan yi sallama da mai gayya kafin in tafi. Kada ka sa burin ya zama rashin jin tsoro ko burge mutane, ba ka da iko da su. In shiru ya ratsa, na ku biyun ne, kuma daƙiƙoƙi kaɗan ne ko da ka ji kamar shekara. In magana ta kuɓuce maka, ka ce ta kuɓuce, kowa ya san wannan. In kana son shiga rukunin da ke hira, ka matsa kusa, ka gaisa, ka saurara na minti ɗaya ko biyu, sannan ka sa baki a kan abin da ake kai.

Dabarun fakewa kuwa ɗaya-ɗaya ake ajiye su. Akwai gwajin da nake so ka yi, domin a aikina ban ga abin da ya fi shi saurin buɗe wa mutum ido ba: ka yi hira biyu a zama guda. A ta farko ka yi duk abin da ka saba, ka tsara magana, ka sa ido kan kanka. A ta biyu ka saki komai ka bi maganar mutumin. Ka ba kowacce maki, wadda ka fi jin tsoro a cikinta da wadda ta fi tafiya daidai. Mafi yawan masu yin wannan sukan tarar cewa abin da suka ɗauka yana kare su shi ne ke ƙara musu wahala.

Bayan ka dawo

Minti 5 da littafinka sun isa. Me na yi hasashe? Me ya faru, wato abin da kyamara za ta iya ɗauka, ban da abin da na ji a raina? Me wannan ya nuna? Me zan gwada a na gaba? Daga nan ka rufe. In bitar ta dawo da dare, kuma za ta dawo, ka ce wa kanka an riga an rubuta, ka kama wani abu da ke cin hankali. Kada ka kira wani kana tambaya ko ka yi abin kunya, domin neman tabbaci yana kwantar da hankali na awa ɗaya ne ya bar ka da buƙatar wani. Washegari ka tura wa mai gayya gajeren saƙon godiya. Gajiyar da za ka ji bayan zama a makonnin farko ba alamar cewa shiga mutane bai karɓe ka ba ce, jiki ne ya daɗe a ɗaure.

Wata rana abin da kake tsoro zai faru: maganarka ta faɗi ba wanda ya ɗauka, ko ka manta sunan wani, ko ka haɗu da mai gatsali. Irin wannan ranar tana da nata amfani, domin tana amsa tambayar da ta fi ta farko zurfi, wato in ya faru zan iya ɗauka? Ka rubuta minti nawa aka yi kafin hira ta ci gaba, kuma ka fita wani zaman cikin mako guda, kada tazara ta shiga. Amma ka bambanta wannan da mutanen da a kullum wulaƙanci suke yi maka. Zama da su ba atisaye ba ne, ka nemi wasu.

Kuskuren da na fi gani shi ne auna ci gaba da yawan fargaba. Takan yi sama da ƙasa, har ta ƙaru a makonni 2 ko 3 na farko saboda ka daina gudu. Ka auna da abin da ka aikata: gayyata nawa ka amsa, nawa ka je, wace dabara ka ajiye. Na biyu shi ne gaggawar ganin abota. Binciken Jeffrey Hall na Jami'ar Kansas, wanda ya fito a 2018, ya kiyasta cewa ana buƙatar kimanin awa 50 tare kafin sani ya zama abota ta sama-sama, kimanin 90 kafin a zama abokai sosai, fiye da 200 kafin aminci. Shi ya sa haɗuwar da ke maimaituwa kowane mako da mutane iri ɗaya, kamar ajin koyon wani abu, ƙungiyar motsa jiki ko aikin sa kai, ta fi manyan taruka na lokaci-lokaci amfani. Kuma in kai mai son kaɗaici ne a ɗabi'a, ba a ce ka koma mai yawan fita ba. Abin nema shi ne in ka zauna gida ya zama kai ka zaɓa.

Lokacin da ya kamata ka ga likita

Daga wasiƙa ba zan iya cewa abin da ke damunka ya kai matsayin ciwo ba, wannan sai an zauna da kai. Abin da likitoci ke dubawa shi ne ko tsoron ya kai wata 6 ko fiye, ko ya zarce girman abin da ake tsoro, da ko yana tauye aiki, karatu ko mu'amala. Ba abu ne baƙo ba. Binciken da aka yi a ƙasashe da dama ƙarƙashin shirin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda aka wallafa a 2017, ya samu kimanin mutum 4 cikin 100 sun taɓa fama da shi a rayuwarsu, a Amurka kuma adadin ya kai kimanin 12 cikin 100. Yawanci yana farawa ne tsakanin shekara 8 zuwa 15, kuma mutane kan shafe shekaru kafin su nemi taimako don suna zaton halinsu ne.

In ka bi wannan tsari na mako 8 zuwa 12 ba ka ga motsi ba, ko ka kasa farawa ma, ka nemi masanin halayyar ɗan'adam ko likitan ƙwaƙwalwa. Jinyar da ta fi samun shaida ita ce ta gyaran tunani da ɗabi'a, wadda aka fi sani da CBT. Hukumar NICE ta Birtaniya, mai tsara ƙa'idojin jinya, a ƙa'idojinta na 2013, ita ta sa a gaba, zama har 14 na minti 90 cikin kimanin wata 4 a tsarin Clark da Wells. A ciki har bidiyo ake ɗaukar mutum yana hira, ya kwatanta abin da ya gani da hoton da ke kansa. Ga wanda ya fi son magani, ƙa'idojin sun ambaci sertraline ko escitalopram. Likita ne ke rubuta su, sukan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsu, kuma ba a daina su farat ɗaya. Ƙwayoyin kwantar da jijiya irin su diazepam ba a ba da shawararsu don wannan matsala, saboda jiki na sabawa da su.

Akwai alamomin da ba sa jiran mako 12. In bugun zuciya da rawar hannu suna zuwa ko kana kai kaɗai, tare da rama da rashin jure zafi, a gwada maka sinadarin tayirod, wanda wani ƙulli a gaban wuya ke fitarwa, domin yawansa na kwaikwayon fargaba. In baƙin ciki ya zauna maka mako 2 ko fiye, barci da cin abinci sun canza, abubuwan da kake so sun fita ranka, ko ka fara dogaro da wani abin sha don ka shiga mutane, ka je a duba ka yanzu. In kuwa tunanin cutar da kanka ya taɓa zuwa maka, ka gaya wa wanda ka yarda da shi, ka je asibiti a ranar. Duk lokacin da za ka ga likita ka tafi da littafin nan naka, domin makin da ka rubuta da hasashen da ka gwada za su nuna masa inda za a fara.